Ku Tambayi Anti: Wasiƙar hannu da abin da ke cikinta

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili namu. A fitowar da ta wuce na ɗan taɓo maganar wasiƙa a ƙarshen wata amsa, nace har yanzu ina rubuta wa mutanena wasiƙa da hannu, toh ashe na taɓo inda yake wa mutane ƙaiƙayi, saƙonni suka yi ta shigowa wasu na tambaya wasu na musu wasu kuma labarinsu kawai suke son bayarwa. Na zaɓo guda shida, waɗanda ban kai ga nasu ba su yi haƙuri dan Allah.

Tambaya: Salam Anti, dan Allah shawara nake nema. Maigidana aiki ya kai shi nesa wata bakwai kenan, kullum muna waya muna chatin amma rannan sai yace shi fa so yake in rubuto masa wasiƙa da hannuna in ba wani abokin aikinsa da zai koma wajensu ya kai masa. Matsalar Anti rubutuna ba kyau, tun muna makaranta malamai ke min faɗa, jagwalgwalo ne kawai wani harafin ya hau sama wani ya gangaro. Ƙawata ta iya tafiyar tsutsa tace in faɗa mata ta rubuta min, ko kuma in buga a kwamfuta in fitar. Wanne ya fi? Daga amarya mai kunyar rubutunta.

Amsa: Wa alaikissalam 'yata. Ko ɗaya ban zaɓar miki ba, ki ɗau biro ki rubuta da kanki. Ki duba fa abin da bawan Allahn nan ya roƙa, maganarki yana jinta kullum a waya, labarin gida yana samu a chatin, abin da ya rasa a can shine wani abu da hannunki ya taɓa wanda zai iya ninkewa ya sa a aljihun gaba ya fito da shi cikin dare lokacin da kewa ta taso masa. In ƙawarki ta rubuta, to hannun ƙawarki kika aika masa, kuma wallahi zai gane, miji yana sanin rubutun matarsa ko da a bayan takardar magani ya taɓa gani.

Bari in baki wani labari da nake matuƙar so. A arewacin Ingila akwai wani tsohon sansanin sojojin Rum da ake kira Vindolanda, a 1973 masu tonon tarihi suka fara ciro wasu siraran alluna na itace daga cikin ƙasa, an yi rubutu a kansu da tawada. Cikinsu akwai wasiƙar wata mata mai suna Claudia Severa, matar wani kwamanda, wajen shekara ta 100 miladiyya, tana gayyatar ƙawarta Lepidina bikin ranar haihuwarta. Jikin wasiƙar wani magatakarda ne ya rubuta, rubutu tsaf na wanda sana'arsa kenan. Amma da aka zo ƙarshe sai matar ta karɓi alƙalamin da kanta ta ƙara 'yan layuka a gefe, tana cewa ina nan ina jiranki 'yar'uwata, ki zauna lafiya ke da nake ji kamar raina. Hannunta bai kai na magatakardan iyawa ba ko kusa, ana ganin bambancin da ido. To yau kusan shekara 1900 kenan, allon yana gidan tarihi na Birtaniya a Landan, kuma 'yan layukan nan marasa tsari su ne mutane ke tsayawa kallo, don suna cikin mafi daɗewar rubutun Latin da aka sani mace ta yi da hannunta. Kinga ita tana da mai rubuta mata amma zuciyarta ba ta yarda ta rufe wasiƙar da hannun wani ba.

In kina so rubutun ya ɗan daidaita akwai dabaru marasa wahala. Ki sa takarda mai layi a ƙarƙashin farar takarda layukan za su riƙa hangowa, ki ɗora a kan wasu fallaye biyu ko uku don biron ya samu laushi, ki sassauta riƙo don yawancin masu jagwalgwalo matse biro suke kamar zai gudu shi yasa hannu ke gajiya tun a layi na biyar, sannan ki ƙara tazara tsakanin kalma da kalma, wannan kaɗai yana gyara rabin matsalar. Abin da ake buƙata ya karantu, shikenan. Sauran karkacewar ki barta, taki ce, da ita zai gane ki.

Tambaya: Anti barka da aiki. Ni fa ban yarda da wannan zuzuta wasiƙa da kuke yi ba. Saƙo saƙo ne, in na tura ta WhatsApp cikin sakan ɗaya ya isa, ga hoto ga murya ga imoji. Kuma naga kin kira rubutun wasiƙa fasaha, wace fasaha ce a cikin ina gaisuwa ina fatan kana lafiya? Daga wani matashi ɗan zamani.

Amsa: Ƙanina na gode da ka fito fili ka faɗa, kuma ta wajen sauri ai gaskiyarka ne, ni ma in abu na gaggawa ne waya nake ɗauka. Amma ka taɓa lura cewa in mutum goma suka turo maka kalmar "na gode" a waya duk iri ɗaya take fitowa? Harafi ɗaya, girma ɗaya, wanda ya rubuta yana kuka da wanda ya rubuta yana hamma ba ka iya bambance su. Yanzu ka ba mutum goman nan takarda su rubuta, za ka samu "na gode" iri goma, kai mutum ɗaya ma in ya rubuta da safe ya sake rubutawa da dare bayan an ɓata masa rai ba za su zo ɗaya ba. Takarda tana riƙe nauyin hannu, inda ya danna har ya fito ta baya kana shafawa kaji tudu-tudu, tana riƙe sauri, inda haruffa suka fara haɗewa suna kwanciya saboda maganar ta fi hannun gudu, tana riƙe tsayawa ma, in alƙalamin tawada ne za ka ga ɗigo ya taru a wurin da mutum ya dakata yana tunanin ya faɗa ko kar ya faɗa. Duk wannan magana ce ta biyu da ke tafiya a ƙarƙashin ta farko.

Zancen fasaha kuwa, bari in kai ka Sin. Wanda Sinawa suka ɗauka a matsayin uban masu kyan rubutu shine Wang Xizhi, a ƙarni na 4 ya rayu, kuma ka san menene da yawa daga abin da ake koyi da shi na rubutunsa? 'Yan gajerun wasiƙu ne irin waɗanda ka raina, yaya jiki, na ji rasuwar wane, kwana biyu ba ni da lafiya. Asalin takardunsa ma ba su kawo yanzu ba, kwafi ne da aka bi sawunsu a hankali aka zana saboda tsabar darajar hannun. Akwai wata mai haruffa 28 kacal da ya aika wa wani yana gaishe shi bayan dusar ƙanƙara ta ɗauke, sarki Qianlong a ƙarni na 18 ya ware ɗaki na musamman a fadarsa ya ajiye ta tare da wasu rubuce-rubuce biyu, ya yi ta buga mata hatimi yana rubuta yabo a gefenta. Haruffa 28 fa ƙanina, ko rabin saƙon da ka turo min bai kai ba. Su a wurinsu yadda burushi ya sauka ya juya ya tashi shine mutumin.

A ɓangaren Larabci kuma ga Ibn Muqla, waziri a Bagadaza zamanin Abbasiyawa, ya rasu a 940. Shi ake jingina wa tsarin auna haruffa, ka ɗora bakin alƙalami a takarda ka ja kaɗan ya ba ka ɗigo mai kusurwa huɗu, da wannan ɗigon ake auna tsawon alif, alif ɗin kuma ya zama faɗin da'irar da sauran haruffa ke zama a ciki. Cikin salon rubutu shida da suka shahara bayansa akwai tauƙi'i da riƙa'i waɗanda aikinsu na fada da wasiƙu ne, daga baya Turkawan Usmaniyya suka fito da diwani don takardun sarki. Wato mutane sun zauna sun ƙirƙiro salon rubutu sukutum saboda wasiƙa, kaga ai ba ƙaramin abu suka ɗauke ta ba.

Sai mai zanen nan ɗan Holan, Vincent van Gogh, wanda ya mutu a 1890. Wasiƙunsa sama da 800 suka tsira, fiye da 600 ga ƙaninsa Theo ya rubuta su, kuma abin da nake so da su shine yana cikin bayani in kalma ta gaza masa sai kawai ya zana abin a tsakiyar takardar, ɗakin kwanansa ko gona ko wani manomi, wani lokaci ya rubuta sunan launi a kan kowane wuri, nan shuɗi nan rawaya, sannan ya ci gaba da maganarsa a ƙasa kamar ba abin da ya faru. Wannan 'yancin takarda ke ba ka shi, ka rubuta, ka zana, ka ja kibiya zuwa gefe ka ƙara abin da ka manta, ka ƙara wa kalma girma don ta yi ihu ko ka ƙanƙantar da ita don ta yi raɗa.

Kace "ina gaisuwa" ba komai ba ce, toh ka tuna Nelson Mandela a kurkukun tsibirin Robben. Farkon zuwansu a 1964 wasiƙa ɗaya aka yarda fursuna irinsa ya rubuta ya kuma karɓa cikin wata shida, kada ta wuce kalma 500. Masu tace wasiƙun da farko tawada suke shafawa a kan abin da ba su so, da suka gane fursunoni na wanke tawadar su karanta sai suka koma yankewa da reza, kuma da yake ana rubutu gaba da baya, in an yanke nan an tafi da na bayan ma. Ka ƙaddara kai ne ka jira wata shida aka miƙo maka takarda duk huji, abin da ya rage gaisuwar ce da hannun matarka. Ina ganin ranar za ka san abin da ke cikin "ina gaisuwa".

Ban ce ka jefar da waya ba. Ka gwada sau ɗaya kawai, ka rubuta wa mahaifiyarka ko wani malaminka shafi ɗaya ka ba shi hannu da hannu, ka dawo ka ba ni labari.

Tambaya: Anti ni matsalata kuskure. In na fara wasiƙa na yi kuskure ɗaya sai in yaga in sake, rannan fallaye tara na ɓata ina rubuta wa yayata ta'aziyyar ɗanta ƙarshe ban aika ba. Ya zan yi? Daga wata ƙanwarki.

Amsa: Allah ya jiƙan yaron ya ba ku haƙuri. Ƙanwata wannan wasiƙar ki aika ta, ko wata nawa aka yi ba ta makara ba, masu gaisuwa sun watse yanzu ne ma yayarki ta fi buƙatarta. In kin yi kuskure ki ja layi ɗaya siriri a kan kalmar ki wuce, kar ki dame wurin da biro kar kuma ki shafa farin ruwan gogewar nan, shi ya fi kuskuren muni.

A Sin ɗin dai akwai wani babban jami'i mai suna Yan Zhenqing, 'yan tawayen wani janar mai suna An Lushan suka kashe ɗan ɗan'uwansa, a 758 ya zauna rubuta masa kalaman makoki. Daftari ne kawai yake yi da niyyar ya sake kwafewa. Farkon takardar a natse yake, yana tafiya rubutun na ƙara birkicewa, ya soke nan ya zagaye can ya sake rubutawa a gefe, burushi ya bushe bai tsaya ya tsoma ba har layin ya zama kamar an ja kara a ƙasa. Wannan daftarin mai soke-soke shine aka adana fiye da shekara 1200, yana gidan tarihi a Taipei, kuma masana rubutun Sin suna sa shi a sahun farko na abin da aka taɓa rubutawa da hannu. Baƙin cikin mutumin yana nan a kwance a cikin soke-soken. Yayarki in ta ga inda hannunki ya yi rawa za ta san tare kuke kukan, wannan ya fi mata fallen da ba tabo. In tsoron ɓata takarda ne ki fara tsara abin da za ki ce a wani wuri daban, amma kwafi ɗaya za ki yi, duk yadda ya fito ki ninke ki rufe.

Tambaya: Gaisuwa mai yawa Anti. Ina son in ƙawata wasiƙar da zan ba wadda zan aura, na sayi takarda mai furanni da sitika da biro kala huɗu da turare. Abokina yace ƙauyanci ne. Menene ra'ayinki, kuma ya mutanen zamanin da suke ƙawata tasu? Daga ango mai jiran gado.

Amsa: Ɗana Allah ya sanya alheri ya kai mu ranar. Ba ƙauyanci ba ne, mai so dole ya so yin ado, amma kayan sun yi yawa, in ka zuba su duka za su danne maganarka. Ka zaɓi biro ɗaya, baƙi ko shuɗi, takarda mai ɗan kauri wadda rubutu ba ya hudowa ta baya, ka bar fili a gefe da sama don ido ya samu wurin hutawa. In za ka sa fure ka zana da hannunka ko da bai yi kyau ba, ya fi dubun sitika da kowa zai iya saya. Turare kuma kar ka fesa a kan rubutun, yana narkar da tawada ya bar tabon mai, ka shafa a ɗan ƙyalle ka ajiye su tare a cikin akwati kwana ɗaya takardar za ta ɗauka da kanta.

Mutanen da kuwa adonsu yawanci larura ce ta haifar da shi. A Ingila kafin 1840 galibi wanda aka aika wa wasiƙa shi ke biya, kuma ana lissafi ne da nisan tafiya da yawan fallaye, ambulan ma falle ake ƙirga shi. Shi yasa mutum in ya cika shafi sai ya juya takardar a kaikaice ya sake rubutu a kan na farkon, layuka su gicciye juna kamar saƙar raga, kuma abin mamaki in ido ya saba yana karantuwa. Sai a watan Mayu na 1840 bayan fafutukar wani Bature mai suna Rowland Hill aka fito da kan sarki na farko a duniya, Penny Black, mai aikawa ya biya peni ɗaya. Kafin ambulan ya yaɗu kuma wasiƙar ita ke rufe kanta, a ninke ta, a yanko siririn bakinta a zura ta cikin tsaga a ɗaure a ɗiga kakin hatimi, yadda duk wanda ya buɗe a hanya sai ya yaga an gane. Sarauniya Mary ta Sukotland da irin wannan ƙulli ta rufe wasiƙarta ta ƙarshe zuwa ga sarkin Faransa, cikin dare ta rubuta, ranar 8 ga Fabrairu 1587, awoyi kaɗan kafin a kashe ta. A birnin Hague na Holan ma akwai wani akwatin masu gidan waya na ƙarni na 17 cike da wasiƙu wajen 2600 da ba su isa ga masu su ba, ɗaruruwa a cikinsu har yau a ƙulle, a 2021 masana suka karanta ɗaya da na'urar hoton ƙashi ba tare da sun warware ninkin ba, don su a wurinsu ninkin ma abin adanawa ne.

Hatimi kuwa ai ka san asalinsa a wurinmu, lokacin da Annabi (SAW) zai rubuta wa sarakuna aka ce masa ba sa karanta wasiƙa sai mai hatimi, sai ya sa aka yi masa zoben azurfa da aka zana Muhammadu Rasulullah a kai. Kai naka hatimin shine sa hannunka da yadda kake rubuta sunanta a bayan ambulan, a nan za ka ɓata lokacinka, ka rubuta sunan a hankali don shi za ta fara gani.

Tambaya: Anti wai da gaske ne ana gane halin mutum ta rubutunsa? Wata tace min wanda rubutunsa ya kwanta hagu munafuki ne, kuma na saurayina haka yake. Daga wata ɗaliba.

Amsa: A'a 'yata, kar ki yanke wa bawan Allah hukunci da wannan. Masu wannan da'awar sun daɗe suna yi, amma da aka gwada su a binciken ilimi ba su iya fitar da halin mutum daga rubutu yadda suke faɗa ba. Kwanciyar rubutu tana zuwa ne daga yadda aka koya wa mutum, da yadda yake ajiye takarda, da hannun da yake amfani da shi, bahagwai da yawa nasu hagu yake kwanciya. Abin da yake tabbas shine ƙwararru na iya gwada rubutu biyu su ce hannu ɗaya ne ko a'a, kotu ma tana amfani da su. Sannan wanda ya saba da rubutunki zai iya gane yau kin gaji ko kina sauri ko ranki a ɓace yake, saboda ya san yadda kike yi kullum. Halinsa kuwa ki duba mu'amalarsa da cika alkawarinsa.

Tambaya: Ranki ya daɗe, ni dattijo ne na haura sittin. Mahaifina ya rasu ya bar min wasiƙu goma sha ɗaya da ya rubuto min ina makarantar kwana, yanzu rubutun ya fara dusashewa wasu sun tsage a wurin ninki. 'Ya'yana sunce a kai a yi musu laminatin. Ya kike gani? Daga wani uba.

Amsa: Baba ina gaisuwa, Allah ya jiƙan mahaifi ya kai haske kabarinsa. Don Allah kar a yi laminatin ɗin nan. Zafi da gam ake sawa a manne leda a jikin takardar, in an yi an yi kenan ba a cirewa, kuma masu adana takardun tarihi sun daɗe da hana shi. Haka salatif, wannan kam da idona na gani. Ni ma ina da wasiƙar mahaifina guda ɗaya tak, ta tsage a tsakiya na manna mata salatif ina ganin gata na yi mata, bayan 'yan shekaru gam ɗin ya koma ruwan ƙasa ya ratsa takardar, ledar ta ɓalle ta tafi da rabin layi, kalma huɗu na rasa kuma har yau in na tuna sai raina ya sosu.

Ga abin da za ku yi. Da farko a ɗauki hoton kowace gaba da baya da waya mai kyau a wurin da ke da haske amma ba cikin rana ba, har da ambulan in akwai, a raba wa yaran kowa ya ajiye, in ana son karantawa a karanta a hoton. Sannan a wanke hannu a shanya, a warware kowace a hankali a kwantar da ita a miƙe, don wurin ninki nan ne takarda ke fara mutuwa, duk buɗewa da rufewa ƙara karya ta yake. A cire duk wani fil ko ƙarfen maƙala takarda saboda tsatsa, a cire robar ɗauri. A sa kowace a tsakanin farar takarda mai kyau, in an samu wadda ake kira marar asid ta fi, a jera a cikin kwali mai murfi a ajiye a wuri mai sanyi marar danshi, sama da ƙasa saboda gara da ruwa, a riƙa dubawa lokaci-lokaci. Wadda ta tsage a barta a haka a cikin takardarta. Kar a sa asalin a firam a rataye, haske shi ke cin tawada, in ana son na bango a wanko hoton a rataye.

Dusashewar kuma ta danganta da abin da aka yi rubutun. Biro, wanda sunansa ma daga László Bíró ne ɗan jaridar Hungary da ya yi rajistar ƙirƙirarsa a 1938, tawadarsa rini ce mai kauri kuma rini yana gudun haske. Fensir ba ya dusashewa a haske amma yana gogewa in ana shafa shi. Tsohuwar tawadar Turai da ake haɗawa da ƙullutun itacen oak da gishirin ƙarfe da ƙaro ita kuma komawa take ruwan ƙasa, wani lokaci ta cinye takardar har harafi ya zama huji. Abin da ya riga ya dusashe ba ya dawowa, kar kowa ya ce zai bi sawun rubutun da sabon biro, in an yi haka hannun mahaifinka ya tafi an bar na wani. Abin da za a iya shine Baba ka zauna da ɗaya daga cikin jikoki kana karantawa yana kwafewa a littafi daban, tunda kai ka san hannun, inda ido ya kasa tunaninka zai cike.

Kuma in kana dubawa ka lura da gefe-gefen takardar. A tawa ɗin nan, a kusurwar sama ta dama akwai wasu 'yan da'irori da aka murza da ƙarfi, na daɗe ban san ko menene ba sai daga baya na gane biron ne ya ɗauke masa a tsakiyar kalmar "haƙuri", ya yi ta murzawa a kusurwa ko zai kawo bai kawo ba, ya tashi ya nemo wani. Rabin kalmar shuɗi ne rabin baƙi. In na kalli wurin sai in gan shi zaune yana karkaɗa biron yana duba bakinsa, ga tabarau a kan hanci. Baba ka duba naka goma sha ɗayan da kyau, in ka samu irin wannan ka nuna wa jikokin, ka kuma rubuto min in ji.